Sharhi: Tada Tsohuwar Motar Kaya a Gida, Daga Ina Ya Kamata a Fara?

Sharhinmu na yau ya leƙa arewa maso yammacin Jihar Jigawa ne, garin Kanya Babba da ke ƙaramar hukumar Babura, da maƙwabtansa na ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa, inda wani tsohon aiki ke ƙara samun kasuwa, wato tada motar kaya da ta daɗe a kwance.

Wanda ya bi hanyar da ta taso daga Kunya, ta ratsa Kanya, ta nufi Babura har Babban Mutum, ba zai rasa ganin irin waɗannan motoci ba. Wata tana ƙofar gida an ɗora ta a kan duwatsu. Wata tana gindin darbejiya a bayan tasha, kaji sun mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Akwai akori-kura ƙirar Peugeot 404 da 504, akwai tsohuwar Hilux, akwai Kanta, akwai kuma gingimarin Marsandi mai bodin katako da kowa ya sani da 911. A da, ƙarshen yawancinsu hannun 'yan gwangwan ne, a yanka da wuta, a ɗora a sikeli. Yanzu masu su da magadansu sun fara wani lissafin daban.

Kuɗi ne ya kawo wannan lissafi. A watan Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, abin da ya toshe tsohuwar hanyar da 'yan Kwatano ke bi su ratsa Nijar su faɗo Katsina da Kano. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki Naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da hukuma ke sayarwa ƙasa da Naira 500 ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Duk abin da ake saye da dala ya tashi, har da mota 'yar Beljiyam wadda ita kanta ta sha aiki a Turai kafin ta iso. Sabuwar motar kaya ƙirar Howo kuwa, ƙaramin ɗan kasuwar ƙauye ko farashinta ba ya tambaya.

Buƙatar mota kuma ba ta ragu ba. Ƙasar nan ta gero ce da dawa da wake da gyaɗa, ga riɗi da zoɓo waɗanda suka fito da sunan Jigawa a kasuwar duniya. Da kaka sai an kwashe amfani daga gona zuwa gida, daga gida zuwa kasuwar ƙauye, daga nan zuwa Dawanau a Kano. Dabbobi na tafiya Maigatari da Ɗambatta. Da bazara ana kai taki gona, da rani ana jigilar yashi da bulo. Amalanken shanu ba ta ɗaukar fiye da 'yan buhuna, tirela kuma ba ta shiga hanyar rairayi. Tsakanin waɗannan biyu, tsohuwar motar kaya ce ke riƙe da ƙauye.

Yawancin motocin nan ragowar wani zamani ne da Najeriya ta ɗaura aniyar haɗa motocinta a gida. A shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai ke shigowa, gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin Turai aka kafa masana'antu shida. Peugeot ta fara fitar da motoci a Kaduna a 1975. Aka kafa Steyr a Bauchi, da National Trucks Manufacturers mai haɗa Fiat a kan titin Zariya a Kano, da Leyland a Ibadan, da Volkswagen a Legas, sannan ANAMMCO mai haɗa manyan motocin Marsandi ta buɗe a Inugu a 1980. Da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP ya zo a 1986, darajar Naira ta karye, kayan haɗi suka yi tsada, masana'antun suka riƙa durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Amma sun bar gado iri biyu: motocin da har yau ba su mutu ba, da kanikawan da suka san su ciki da waje, suka kuma koya wa yaransu.

Abin da ya sa waɗannan motoci ke karɓar gyara shi ne sauƙin ƙirarsu. Marsandi mai gajeren hanci, irin 911 ɗin nan, an fara yin ta a Jamus a 1959, aka ci gaba da yin ta saboda kasuwannin waje har 1995. Injinta da aka fi sani, OM352, mai silinda shida ne, babu kwamfuta a jikinsa, famfon da ke ba shi gas na ƙarfe ne zalla. Ita ma 504, wadda ta fito a 1968 aka ci gaba da haɗa ta a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, kafireto ce da fulogi. Bakanike mai sifana da kunne mai kyau ya ishe ta. Motar zamani kuwa, idan fitila ta kama a gaban direba, sai an nemo mai na'urar da zai karanta mata ciwonta. Ga kuma wata fa'ida da yanayi ya ba Arewa: bushewar iska ta sa tsatsa ba ta cin ƙarfe a Babura kamar yadda take cinsa a Legas ko Fatakwal. Shasin da ya yi shekara 40 a nan yana iya fin na motar da ta taso daga Turai lafiya, domin can gishiri ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara.

Saboda haka wanda ya yanke shawarar tada tsohuwar mota bai yi wauta ba. Inda gizo ke saƙa shi ne tsarin da ake bi wajen kashe kuɗin. Abin da aka fi gani shi ne a fara da inji, a bi da fenti, a ƙara sifirin, sannan idan an samu canji a leƙa birki. Sau da yawa ba a samun canjin. Wannan sharhi na ganin jerin a kife yake. Shasi da birki da sitiyari da taya su ya kamata su fara cin kuɗin, inji ya biyo baya, fenti ya zo ƙarshe.

A fara da ranar ciniki. Mai sayarwa zai murɗa makulli ya ce, "Ka ji ta, Alhaji, kik ɗaya take tashi." Mai saye ya ji ƙarar inji, ransa ya biya. Amma sayen tsohuwar mota kamar sayen sa ne a kara: ba ƙaho ake dubawa ba, haƙori da ƙafa ake dubawa. Inji ana iya sauke shi a ɗora wani cikin 'yan kwanaki. Shasin da ya karye ko ya murɗe kuwa, da wuya ya koma daidai. Gogaggen bakanike yakan kwanta ƙarƙashin motar da tocila da ƙaramar guduma, ya bi dogayen ƙarafan nan biyu daga gaba zuwa baya. Yana neman tsaga a inda sifirin ya kama, da bayan kan mota inda nauyi ke taruwa, da tabon tsohuwar walda da aka shafe da baƙin fenti. Yakan auna daga kusurwa zuwa kusurwa da igiya, idan awo biyun bai zo ɗaya ba, motar ta taɓa shan karo. Motar da ta yi jigilar takin zamani ko gishiri ko dabbobi tana buƙatar ƙarin bincike, domin waɗannan su ne ke kawo tsatsa ko a busasshiyar ƙasa.

Kafin kuɗi ya fita, sai takardu. Lambar da ke jikin shasi dole ta zo daidai da wadda ke rubuce. A nemi takardar mallaka, da ta kwastan idan 'yar waje ce, a rubuta yarjejeniyar ciniki gaban shaidu, a je a canza suna a ofishin lasin. Idan motar gado ce, a tabbatar an raba, ko magada duka sun yarda. Garin da ke kusa da iyaka ba wurin sayen mota marar asali ba ne, kuma babu takaicin da ya kai mutum ya gama zuba jarinsa a mota, rana ɗaya a tare shi a ce ta sata ce.

Da an ce gyara a gida, ba ana nufin mutum ɗaya ne zai yi komai ba. Ƙofar gida ko kangon da ke kusa shi ke zama gareji, ma'aikata kuma su riƙa zuwa bi da bi. Bakanike da yaransa su kafa ƙarafa uku su rataya sarƙa su ciro inji. Mai walda ya zo da tukunyar kabaid ko janareta. Mai gyaran waya ya zo, mai bugun bodi ya zo, kafinta ya auna katako, mai faci ya karɓi tayoyi. Fa'idar wannan tsari a fili take: mai mota yana ganin abin da aka cire da abin da aka sa, ba ya biyan kuɗin ajiya, kuma yana yin aikin gwargwadon aljihunsa, yau a sayar da riɗi a sayi ringi, gobe a sayar da rago a sayi batir. Illarsa ita ce aikin kan ja lokaci, ƙananan kusoshi su ɓace a cikin rairayi, ƙura ta shiga inda bai kamata ba. Masu dabara sukan shimfiɗa tamfol, su ware kusoshin kowane sashe a gwangwaninsa, su ɗauki hoto da waya kafin a kwance komai.

Akwai ayyukan da ba sa yiwuwa a ƙofar gida ko da bakanike ya ce zai iya. Wanke karanshaf, da gyaran ramin silinda, da daidaita tof da ya lanƙwashe, aikin injin awo ne, sai an kai birni. Haka famfon gas da nozul, sai an ɗora su a na'urar gwaji. Wanda ya daidaita famfo da kunne, shi ne za ka ga motarsa na tafe tana turnuƙe hanya da baƙin hayaƙi, kuma wannan hayaƙin man da aka saya da tsada ne yake fita bai ƙone ba.

Kayan gyara kuwa, hanya ɗaya ce kowa ya sani: Ƙofar Ruwa a Kano. Abin da babu a can, a aiko da shi daga Ladipo a Legas ko daga Nnewi da Onitsha. A kasuwa za a ajiye wa mai saye kaya kashi uku: sabo na asali mai tsada, tsoho ɗan Beljiyam da aka ciro daga wata mota, da sabo mai araha wanda kwalinsa ya fi abin da ke ciki kyau. A wasu wurare, kamar madubi ko murfin fitila, mai arahar ba ya kisa. Amma a robar birki, da tiyon birki, da ƙwallon sitiyari, kalmar nan ta "za ta yi maneji" ita ce ke jefa mota a rami.

A ɓangaren inji akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare, wato cire tamostat, ɗan abin nan da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama. Hujjar da ake bayarwa ita ce an yi shi ne don ƙasar sanyi. Gaskiya ne zafin Afrilu a wannan yanki yana haura digiri 40, amma injin da ke tafasa ba tamostat ne ya fi jawo masa ba. Yawanci lagireto ne ya toshe da gishirin ruwan rijiya, ko famfon ruwa ya gaji, ko bel ɗin fanka ya saki. Idan aka cire shi, inji kan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, musamman da asubahin hunturu, sai ya ƙara shan mai, ringi su ƙara saurin cinyewa. Gyaran gaskiya shi ne a wanke lagireto ko a sa mai faɗi, a riƙa zuba ruwa mai tsabta da maganinsa. Haka matatar iska. Tsofaffin motoci da yawa suna da irin wadda ake zuba wa baƙin mai tana kama ƙura, kuma ta dace da ƙasar da buji ke tashi wata uku. Wanda ya cire ta ya bar bututu a buɗe, yashi yake ɗura wa injin da ya gama kashe wa kuɗi.

Akwai ƙarin inganci da ke da amfani ƙwarai, kuma ba shi da tsada. A sauya tsohon dainamo da altaneta don batir ya riƙa cika. A zare tsofaffin wayoyi da suka bushe a ja sababbi, a sa fis na gaskiya maimakon guntun waya ko takardar sigari, domin gobarar mota da yawa daga nan take tashi. A gyara fitilun baya da na birki, a manna kyalle mai ƙyalli a gindin bodi, saboda motar da ta mutu a kan hanya da dare ba tare da alama ba tarko ce ga mai babur. A sa bel ɗin kujera. Fitilun zamani masu farin haske suna taimaka wa direba, amma idan ba a saita su ƙasa ba, makantar da mai tahowa suke yi.

Sai babbar magana, wato lodi. Kusan duk mai tada motar kaya zai ce wa bakanike, "Oga, a ƙara mata sifirin." A ƙara ganye biyu ko uku, motar ta ɗaga gindi, a loda mata abin da ya ninka ƙa'ida ba ta durƙusa ba, kowa ya yi murna. To amma lambar nan 911 da ke jikin ƙofa bayani ce daga maƙera: tara na nufin tan 9, nauyin motar da kayanta gaba ɗaya, sha ɗaya kuma ƙarfin doki 110. Idan aka cire nauyin ƙarfe da katako, abin da ya rage wa kaya bai kai tan 6 ba, ke nan buhu 60 masu kilo 100 sun riga sun wuce iyaka. Akori-kurar 504 kuwa an yi ta ne don tan ɗaya da 'yan kai. Ƙarin sifirin yana hana mota zama ne kawai. Bai ƙara wa aksil kauri ba, bai ƙara wa taya ƙarfi ba, bai kuma ƙara wa birki faɗi ba.

Lissafin birki ba ya canzawa don an yi addu'ar tafiya. Aikinsa shi ne ya mai da gudun mota zafi. Idan nauyi ya ninka, zafin da zai sha ya ninka. Idan gudu ya ninka, zafin ya ninka sau huɗu. Daram ɗin da ya yi zafi fiye da kima yakan buɗe, lainin ya daina kamawa, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Babura ana iya daɗewa ba a gane ba. A gangaren duwatsun Kazaure da Roni, ko ranar kasuwa da garken shanu ya faɗo titi, nan ake ganewa. Wanda ya ɗora wa tsohuwar mota injin da ya fi nata ƙarfi, kamar yadda ake sa na Toyota ko Nissan a wasu, ya bar mata birkinta na da, ya ƙara mata gudu ne bai ƙara mata tsayawa ba.

Me gyaran birki na gaskiya ya ƙunsa? A buɗe ƙafafu huɗu, ba biyu ba. A auna daram, wanda ya cinye a canza shi. A sauya duk tiyon roba da ya tsattsage da bututun ƙarfe da ya yi tsatsa. A zubar da tsohon man birki, domin yana shan danshi, kuma masu ƙera motoci na ba da shawarar canza shi duk shekara biyu. Ruwan omo da wasu ke zubawa a madadinsa yana tafasa da wuri, yana kuma cin ƙarfe daga ciki. Tsofaffin motoci da dama layin birki ɗaya gare su, da ya fashe a wuri ɗaya ƙafafu huɗu sun tafi, don haka mayar da su masu layi biyu ya fi kowace kwalliya daraja. Mai birkin iska ya riƙa tsiyaye ruwan tanki, ya tabbatar agogon iska na aiki. Birkin hannu kuma a gyara shi, yaron mota ya huta da gudu da waigi a hannu.

Sitiyari ma haka. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilun 1972, shi ya sa doka ta ce sitiyari ya kasance a hagu. Ƙananan motocin kaya da yawa da ke zuwa daga Japan da Ingila da sitiyarin dama suke isowa, a juya su a nan. Idan an yi juyin da kayan da aka ƙera don hagu, babu laifi. Idan kuwa yanka aka yi aka haɗa da walda, wannan waldar ce ke riƙe da ran duk wanda ke cikin motar. Haka shasi: ba a ratsa leɓensa da walda ko huji, ana ɗora masa ƙarfen tallafi ne a gefe a ɗaure da kusoshi.

Taya kuma tana da ranar haihuwa a jikinta, lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Wadda aka rubuta wa 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi cewa taya na tsufa ko da zanenta bai goge ba. Idan kuɗi bai isa a sayi sababbi duka ba, aƙalla na gaba su zama masu lafiya.

Masu cewa ai sai an ƙara wa mota ƙarfi kafin ta biya kuɗinta suna da hujja, kuma akwai inda aka yi hakan da ilimi. A Sudan, maƙera sun shahara da sake ƙera Bedford TJ, motar Ingila da ta fito a 1958, wadda suke kira Sifinja. Sukan kwance ta gaba ɗaya, su ƙarfafa shasi, su sake tsarin sifirin da tankuna da bodi, har ta iya ratsa hamada da kayan da suka fi ƙa'idarta ta asali. Wani masani Bajamushe, Kurt Beck na Jami'ar Bayreuth, ya yi nazarin aikinsu, an kuma yi fim a kansu. Abin lura shi ne motar duka suke sake lissafawa, kuma suna da ƙa'idojin da ubangida ke miƙa wa almajirinsa. A Kumasi ta Ghana akwai unguwar Suame Magazine, inda dubban kanikawa da maƙera ke aiki wuri ɗaya. A Kaduna akwai Panteka, inda ake ƙera abin da babu shi a kanti. Hannun da ke wannan aiki akwai irinsa a Kazaure da Babura. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kayan awo da wanda zai duba aikin bayan an gama.

Tsadar mai ta kawo wani sabon kwaɗayi, wato mayar da mota mai amfani da iskar gas. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin CNG a 2023, a Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan motocin haya masu aiki da lantarki. Wannan ci gaba ne, amma ba aikin ƙofar gida ba ne. Iskar CNG ana matse ta ne da ƙarfin da ya ninka na gas ɗin girki fiye da sau goma, tukunyarta ta musamman ce. A watan Oktoban 2024 wata mota da aka sa wa tukunyar da ba ta cika ƙa'ida ba ta tarwatse a wurin ɗura iskar a birnin Benin, mutane suka jikkata. Ban da haka, kafin mutumin Kanya ya kashe kuɗi a kan wannan, sai ya tambayi kansa inda zai riƙa ɗurawa.

Tunda a gida ake aikin, iyali ma suna cikin lissafi. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, balle a kan rairayi, sai an tokare da gungumen katako. Ba a kai wuta kusa da tankin mai ko da an juye shi, domin tururin da ya rage shi ne ke fashewa. Ƙurar tsohon lainin birki ba a hura ta da baki, wasu na ɗauke da asbestos mai lalata huhu, a jiƙa tsumma a goge. Baƙin mai da ruwan batir a nisanta su da rijiya da turken dabbobi da hannun yara. Wilin manyan motoci mai zobe kuwa, idan ana ba shi iska, kowa ya kauce daga gabansa.

Wani lokaci kuma amsar da ta dace ita ce a haƙura. Idan shasi ya karye a wuri fiye da ɗaya, ko takardu sun ƙi fitowa, ko kuɗin gyara ya doshi na wata mai tafiya, gara a sayar da ita kashi-kashi. Injin na iya komawa injin niƙa ko na ban ruwa, aksil da tayoyi su zama amalanke, saura ya tafi sikeli. Wanda kuma ya ga tasa za ta tashi, ya rubuta lissafi tun farko, ya ware kuɗin birki da taya da inshora da takardun VIO a gefe kafin ya kira mai fenti. Zanen zaki da dawisu da rubutun "Allah Ya kiyaye hanya" a gindin bodi duk suna da kyau, kuma ba sa lalacewa don sun jira wata biyu.

Hukumomi ma akwai abin da za su iya yi ba tare da kasafi mai nauyi ba. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya ta Hussaini Adamu tana nan Kazaure, tafiyar da ba ta da nisa daga duk waɗannan garuruwa. Ƙungiyar kanikawa ta NATA da ta direbobi ta NURTW sun san kowane gareji da kowace tasha. Idan suka haɗa kai da ƙananan hukumomin Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa, za a iya shirya gajeren horo ga kanikawa kan birki da waldar shasi da wayoyi, a ba su shaidar ƙwarewa, a kuma tanadi 'yan kayan awo da gareji-gareji za su riƙa ara. Jami'an VIO da na kiyaye haɗurra su ware ranaku a watan Agusta da Satumba su zo tasha su duba motocin da aka tada, su nuna wa mai mota abin da ya rage masa ba tare da tara ba, domin ya samu lokacin gyarawa kafin Oktoba, lokacin da buhunan riɗi da gero za su fara neman hanyar Dawanau.